Jan Gyalen Leokadi

Ina da wani ɗan hali: sai na gama ihu nake tambayar abin da ya faru. Matata Leokadi ce kaɗai ta iya da ni, ita kuwa ta rasu bara, bayan an ɗebe tuffa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, fuskarta ta fara ɓace mini. Ina tuna muryarta, ina tuna zafin miyar kifinta, amma hanci da ido sun ƙi zama wuri ɗaya.

Da bazara ta kewayo, sai ga Berto ya dawo ƙauyenmu. Mai zane ne daga Faris, babban birnin Faransa, irin waɗanda ke kafa allo a bakin teku, su ƙura wa ruwa ido kamar bai taɓa cinye ɗan kowa ba. Wata shekara ya sauka a gidanmu, ya ci gurasarmu, ya sha giyar tuffarmu, kullum yana zana masu kamun jatan lande idan ruwa ya janye. Leokadi na cikinsu. Wannan karon na tarar da shi a ɗakin da ya kama haya, ban ko ƙwanƙwasa ba.

"Baba Onesim! Ashe an yi rashi..."

"Riƙe ta'aziyyarka. Fito mini da matata."

Ya birkita allunansa, ya jingina ɗaya da bango. Na matsa har hancina ya kusa taɓa shi. Toka-toka, shuɗi-shuɗi, sai wani jan ɗigo a tsakiya kamar an murtsuke kuɗin cizo.

"Wannan ne? Ina idonta? Ina hancinta?"

"Ai ni ba hanci nake zanawa ba, Baba. Hasken safiyar nake bi, kafin ya gudu."

"Haske! Hasken ne ya wanke maka safa? Bazara guda mace tana ciyar da kai, ka saka mata da ɗigo? Ni da nake shafa wa jirgi kwalta na fi ka tsabtar hannu, ɗan birni mai gemun akuya!"

"Ja da baya."

"Kai ka ja da baya!"

"Don Allah, Baba. Har bakin ƙofa."

Na ja, amma don in sami filin ɗaga kujera in rotsa allon. Ina juyowa, sai ga rairayi a jiƙe cikin allon yana ƙyalli, ga sanyin safiya har cikin haƙori. Ga ta kuma. Jan gyalenta a ka, kwando a ƙugun hagu, ta karkace kamar mai jayayya da iska. Ba fuska, amma na san wannan karkacewar ko a cikin dubu.

Kujerar ce ta amfana, don zama na yi a kanta. Na yi kuka irin na ƙato, mai muni, da majina. Da na gama sai fushin ya dawo sabo.

"Wato da Faris za ka kai ta, masu farin safar hannu su riƙa leƙa mini mata?"

Berto ya dube ni, ya dubi allon. Ya ce in ɗauka.

Na rataye shi a saman murhu, na ja gadona zuwa bakin ƙofa don in riƙa ganin ta daidai. Maƙwabcina Gaspar ya ce ya ɗauka tsumman goge buroshi ne. Har yau da gefe ɗaya yake tauna.

Ranar Lahadi yayata Filomen ta biyo daga coci. Na tsayar da ita a bakin ƙofa, na ce ta duba da kyau. Ta daɗe tana kallo.

"Wace shekara ya zana wannan?"

"Shekarar da ya sauka a nan mana."

"Onesim, ƙanena, kanka ɗaya? A bazarar nan Leokadi ba ta taka rairayi ba, tana kwance da karayar ƙafa. Kai ka karɓi kwandonta. Kana fama da ciwon haƙori, kullum kanka naɗe da gyalenta."