Sunana a Shafin Godiya

Ni na kai Dakta Martins gidan Mama Bridget, kuma ni na rantse mata cewa maganarta ba za ta wuce tabarmar da muke zaune a kai ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗora wa Dakta laifin duka. Yana da nasa kason, amma nawa ya fi nauyi.

Sunana Joanna Levi, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare da ke gefen Kagoma. Dakta Martins kuwa malami ne a wata kwalejin horar da malamai. Yana bincike a kan yaran da ke tasowa a hannun waɗanda ba su haife su ba, yadda suke karatu, yadda suke barci, ko suna shiga wasa ko suna raɓe bango. A ƙasarmu irin waɗannan yara ba sai an sha wahalar nema ba. Tun da hare-haren shekarun baya suka watsa ƙauyuka, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da jika ko ɗan ƙanwa ba. Matsalar Dakta ita ce mutanenmu ba sa buɗe cikinsu ga baƙo mai jaka da takalmi mai sheƙi. Sai ya ɗauki malamai shida daga makarantu shida, mu riƙa shige masa gaba.

Mama Bridget manomiyar citta ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Jikarta Emilia tana ajina, shekararta bakwai, ga kai ga surutu kamar rediyon da aka manta a kunne. Kowa a gari ya san ɗiyar Hellen ce, 'yar Mama Bridget da ta rasu a Sabon Tasha. A gefen kunnenta na hagu akwai tabon ƙuna, an ce garwashi ne tun tana jaririya.

Ranar da muka je ana ruwa, kwanon rufi yana ta ƙara har sai da Dakta ya matso da rikodarsa kusa da bakin tsohuwar. Ya karanta mata takardar yarda da Hausa: za a canza suna, za a canza gari. Ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta dangwala yatsa. Tambayoyi suka tafi lafiya har muka kai tambaya ta tara, wadda ke neman dangantakar mai riƙo da yaro. Nan Mama Bridget ta aiki Emilia maƙwabta ta zauna har ruwa ya ɗauke, sannan ta juyo gare ni, ba ga Dakta ba.

"Malama, wannan magana idan ya fita, na mutu fa."

"Ba zai fita ba, Mama. Na rantse da Allah."

Shekara bakwai da suka wuce ta je jana'izar yayanta a wani ƙauye a ƙasar Kajuru. Da asuba aka faɗa wa ƙauyen. Tana gudu cikin dawa ta iso bakin rafi, ta tarar da mace kwance ta riga ta cika, jaririya a bayanta tana tsala kuka, goye da zanin zumuntar matan coci, kunne ɗaya a ƙone. Ta kwance ta, ta goya, ta ci gaba da gudu. Daga baya ta isa Sabon Tasha wurin Hellen, wadda dama ba ta da lafiya. Bayan wata uku Hellen ta rasu, Mama Bridget ta dawo gida da jaririya ta ce jikarta ce.

"Na tambaya a sansanin 'yan gudun hijira kwana biyu," in ji ta. "Bayan kwana biyu na daina. Allah ya gani, da gangan ne na daina. Ba ni da kowa, ita ma na ce ba ta da kowa."

Dakta ya cire tabarau ya goge ido. Ni ma na yi kuka. A hanyar komawa ya ce wannan labarin shi ne zuciyar bincikensa duka, na ji daɗi kamar ni na haƙo zinariya.

Bayan shekara guda ya turo mana rahoton mu duba kafin a buga. Ban karanta cikinsa ba, gaskiya, shafin godiya na fara buɗewa. Abin da na gani shi ne, "da malamai shida da suka taimaka." Raina ya ɓaci. A nan ko biki aka yi, matar da ta ba da aron faranti sai an kira sunanta a lasifika, in ba haka ba ta yi wata ba ta gaishe ka ba. Mu da muka taka taɓo, muka faɗi a kan mashin, muka sha haushin karnukan mutane, mu ne "malamai shida"? Na kira shi a waya na wanke shi tas. Ya ce ƙa'idar bincike ta fi son a sakaya. Na ce ai nasa sunan bai sakaya ba, ga shi nan a bangon rahoton da manyan baƙaƙe. Ya yi dariya ya ba ni haƙuri. Da aka buga, kowannenmu da cikakken suna da sunan makarantarsa.

Ƙa'idar ta kuma ce a koma wa jama'a da sakamako. Aka shirya taro ranar Asabar a zauren wata majami'a a Kafanchan. Fastoci suka zo, da hedimastoci, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da dattawan ikilisiya daga Kachia har Kajuru. Aka raba rahoton a bakin ƙofa. Dakta ya kira mu ɗaya bayan ɗaya aka tafa mana, ni na fi kowa daɗewa a tsaye, don sabuwar atamfa na ɗinka.

Sai ya ce zai karanta labarin wata da ya kira Mama Lami. Ya canza sunan, ya canza garin, kamar yadda ya yi alkawari. Amma ya bar rafin, ya bar zanin zumuntar mata, ya bar kunnen. A jami'a wataƙila wannan ɓoyewa ce. A nan kuwa, inda kowa ya san wanda ya mutu a wane rafi, cire suna ba ya ɓoye komai.

A layi na uku akwai wani mutum siriri cikin koɗaɗɗiyar kwat, yana fifita da rahoton tun safe. Na ga lokacin da hannunsa ya tsaya. Da aka ba da damar tambaya, wasu suka yi magana a kan abincin makaranta da ƙarancin malamai. Shi sai a ƙarshe ya miƙe.

"Dakta, sannu da aiki. Tambaya na ɗaya ne kawai. Wane kunne?"

Dakta ya ce ba zai iya amsawa ba, ƙa'ida ta hana. Mutumin ya ce ya gode, ya zauna, ya buɗe shafin farko yana bin sunayenmu da yatsa.

Ranar Litinin Malam Clinton, na farko a jerin, ya kira ni. Ya ce wani bawan Allah ya zo makarantarsu lokacin da yara suka yi layin safe, ya gaishe da hedimasta da ladabi, ya tsaya ƙarƙashin mangwaro yana kallon yara har suka shiga aji, ya hau mashin ya tafi. Ranar Laraba Malama Jacinta ta ba ni labari iri ɗaya. Mako na biyu ya je makaranta ta uku da ta huɗu. Ni ce ta biyar.

Na kira Dakta. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai, zai rubuta wa kwamitin ƙa'ida ya nemi shawara. Na ce kafin kwamiti ya samo ranar zama mutumin ya gama zagaye jihar. Na kashe waya ina huci, amma ni ma me na yi? Sau uku ina kama hanyar gidan Mama Bridget, sau uku ina juyawa daga bakin gonar citta. Tsoro nake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila ya gaji, wataƙila mashin ɗinsa ya lalace. A makaranta kuwa, ko da yake ta wuce aji uku, idona ba ya barin kunnen yarinyar. Dokar makarantarmu duk yara mata a aske musu kai, ba ɗankwali, ba abin da zai rufe.

Ranar Alhamis na hango shi tun daga nesa, kwat ɗin nan a kan mashin. Na ja Emilia daga layi na ce ta shiga aji ta share, kada ta fito sai na kira ta. Aka yi addu'a, aka rera taken ƙasa. Yana tsaye da hula a hannu, idonsa yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Yara suka watse. Ya sa hularsa, ya juya wajen mashin, na ce a raina mun tsira.

"Malama! Na gama shara, in zubar a ina?"

Tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta karkata kai gefe tana dariya. Mutumin ya waiwayo. Kunnen ma bai duba ba. Ya dubi fuskarta, sai kawai ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi, ya ce, "Regina."

A ofishin hedimasta ya gaya mana sunansa Simon, Regina matarsa ce, yarinyar ta kwaso fuskarta sak. Ranar harin nan ya rasa ta da 'ya'yansa maza biyu. Ya binne su ukun da hannunsa, amma jaririyar ba a ga gawarta ba. Shekara takwas duk taron da aka ce za a yi maganar marayu sai ya je. Na so in tsane shi, na kasa, kuma wannan ya ƙara mini baƙin ciki.

"Ba zan tsorata yarinya ba," in ji shi. "Kuma wanda ya ɗauke ta, Ubangiji ya saka mata. Amma ranar Asabar zan dawo da fasto da dattawan gidanmu."

Duk mun san a al'adarmu ɗa na gidan ubansa ne, kuma babu dattijo ko alƙalin da zai ce wa mutumin nan ya koma hannu wofi.

Aka tashi makaranta na riƙe Emilia a gidan hedimasta ta ci abinci, na tafi ni kaɗai. Labari ya riga ni isa. Na tarar da Mama Bridget a bayan ɗaki ta fito da kayan yarinyar duka tana wankewa, har da waɗanda suka yi mata kaɗan tun bara. Na durƙusa na fara ba da haƙuri. Na yi tsammanin zagi, na ma fi son zagin. Ta bar ni na gama, ta matse wata ƙaramar riga ta shanya.

"Mutumin, yana da mata a gida?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ki tambaya. Ba ta cin kuɓewa, kuma idan ana tsawa sai an riƙe mata ƙafa." Ta share hannu a zaninta, ta zauna a kan turmi ta dube ni. "Malama, ku ne kun yi karatu a kan yara. Kun zo da takarda kun tambaye ni, na amsa duka. Yanzu ni ma ina da tambaya. Ki koya mini yadda zan gaya mata."

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, na zauna a bita iri-iri, ban taɓa jin an amsa wannan ba. Muna nan zaune muka ji ƙarar jakar makaranta tana bugun baya, yarinyar ta gudo daga gidan hedimasta. Tun daga bakin gona take kira, "Kaka! Kaka, yau wani baba ya faɗi a makarantarmu!"

Mama Bridget ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta amsa.