Yashin Wasiƙar Gwaggo Ajuma

Kabiru direban kamyo ne, babbar motar kaya, kuma a ganinsa duk takardar da ba a liƙe cikin leda ba, kwananta ya ƙare. Permi ɗinsa na tuƙi a leda, takardun mota a leda, har katin rigakafin 'ya'yansa bai tsira ba. Shi ya sa wasiƙar Gwaggo Ajuma, yayar babansa, ta hana shi sakat.

Mahaifin Gwaggo ne ya aiko da ita daga hanyar Makka, tafiyar ƙafa da bai dawo ba. Takarda ce mai kauri, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga jinjirin wata uku a jikinta. Da alƙalamin gamba ya rubuta, tawadar kuwa bagaruwa ce da kashin maƙera da ƙaro. Ya barbaɗa yashi don ta bushe, yashin ya kama haruffan ya zauna daram. Tun da idon Gwaggo ya tafi, da yatsa take bin layukan kowace safiya. Abin da ya rage mata na ubanta ke nan.

Sai dai daminar Gaya ba ta da kunya. Laima ta soma cin gefen takardar. Ran Talata, Gwaggo na gyangyaɗin hantsi, Kabiru ya zare ta daga gafaka ya nufi shagon fotokofi na bakin tasha.

Ya zauna, ya tashi, ya leƙa injin liƙa ledar, ya fita, ya dawo.

"Malam, a hankali dai, ta girme mu duka."

"Minti biyu ne," in ji mai shagon.

Wasiƙar ta fito cikin leda da ɗuminta, sumul, sai ƙyalli take. Kyau kam ta yi. Ko lodin shinkafarsa bai tsaya dubawa ba, ya haye kabu-kabu sai gida.

Ya tarar da Gwaggo ta zazzage gafaka, tana lalube a tabarma.

"Ga ta, Gwaggo. Na gyara miki. Yanzu ko kogi ta faɗa, ba abin da zai same ta."

Ta karɓa. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta juya bayan. Ta sa farce tana neman baki.

"Buɗe mini, Kabiru."

"Ba ta buɗuwa, Gwaggo. In an ɓare, da rubutun ledar za ta tashi."

Nadama ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Gwaggo ta daɗe tana goga yatsa a kan santsin, sannan ta miƙo masa.

"To riƙe, kai mai ido. Ni dai yau Baba ya rasu."