Reshen Darbejiya Bisa Ɗakin Gyaɗa

Babban reshen darbejiyar gidan Kamaruddeen ya bushe tun bara, ga shi ya tsallake katanga ya miƙe bisa wani ɗaki a gidan maƙwabcinsa, Malam Khalilu. Kafin Malam ya tafi kasuwa ya ce a sare kawai, ɗakin ajiyar gyaɗa ne, ba mai kwana ciki.

A ƙauyensu na gefen Makoda namiji ba ya hawa sama sai ya sanar, don matan maƙwabta su shige ɗaki. Kamaruddeen ya ɗaga murya har sau uku: "Za a hau sama!" Tsakar gidan Malam ta yi tsit. Ya hau ya ɗaure reshen da igiya, wansa Iliyasu ya riƙe daga ƙasa, gatari ya fara aiki. Mutumin naka ya cika al'ada tsaf, amma bai tambayi wane ɗakin aka shiga ba.

Sara ya wuce rabi, reshen ya fara ƙara, sai ya ji kukan jariri daga ƙarƙashin kwanon ɗakin. Ya tsayar da gatarin. Ashe Asama'u, matar Malam, a ƙofar ɗakin take ɓarar gyaɗa, da ta ji sanarwa sai ta faɗa cikinsa da jaririnta, don shi ne mafi kusa.

"Igiyar na zamewa!" in ji Iliyasu, ƙafafunsa na jan ƙasa.

Kamaruddeen ya rungume reshen kamar ƙarfinsa zai hana wani abu. Bai taɓa kiran sunan matar nan ba, yau ya kira da iyakar muryarsa.

"Asama'u! Fito! Ɗauko yaron ki fito!"

"Mayafina na kan igiyar shanya," ta amsa daga ciki. "Ka sauka tukuna."

"Wallahi ba lokaci! Na rufe idona, ki fito!"

Ya rufe ɗin kuwa da gaske. Reshen ya ƙwace daga ƙirjinsa, ya ji rugugin kwano da ƙasa, ƙura ta shaƙe shi. Kukan jaririn ya ɗauke. Tsoro ya hana shi buɗe ido.

Can sai kukan ya sake tashi, daga wajen rijiya.

"Sun fita, sauko," in ji Iliyasu.

Bai iya ba. Sai da Iliyasu ya hau ya ɓamɓare masa yatsu daga jikin bishiyar.