Garin da Ban Yi wa Hanya Ba

Daren jiya wani mafarki ya same ni, wanda har yanzu ban iya haɗa ido da matata ba saboda shi.

Na gan ni cikin jirgin ruwa, irin manyan nan na masu yawon shan iska, bene kan bene har goma sha biyu, da kududdufin wanka a can samansa. Mu uku ne: ni, da matata Hajiya Lantana, da taubashina Sallau, wanda tun muna yara maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba sai ya bi ta ya taka. Ban san wanda ya sa mu a jirgin ba, ban kuma tambaya ba. Shekara arba'in na yi ina jan babbar mota, kuma abin da hanya ta koya mini shi ne, in ka tsinci kanka a kujera mai laushi, ka ja bakinka.

Da hantsi jirgi ya tsaya. Aka yi sanarwa da Hausa tsantsa: "Mun iso tashar Bandarosa. Gari yana gaba kaɗan. Wanda bai dawo kafin la'asar ba ya zama ɗan ƙasa."

Na sake kasa kunne ko ban ji daidai ba, don babu wani gari mai suna Bandarosa. Ni na ƙirƙire shi.

Ga yadda aka yi. Shekara talatin da takwas da suka wuce, aurenmu bai fi shekara ba, na ɗauki albasa zuwa Ikko, barci ya sace ni, na kifar da mota. Mai mota ya karɓe makullinsa. Kunya ta hana ni komawa gida, na yi wata bakwai ina dako a bakin tashar jiragen ruwa, ina kallon manyan jirage suna shiga suna fita. Da na dawo a rame kamar sillen kara, sai na ce wa Lantana aikin jirgi na samu, ciwo ya kayar da ni a wani gari a bakin teku, wata tsohuwa Filomina ta yi jinyata har na miƙe. Tun daga ranar, Lantana ba ta taɓa sallame salla ba tare da ta sa Inna Filomina a addu'a ba. Ni kuwa da na ga labarin ya karɓu, sai na riƙa ƙara masa gishiri a majalisa, shekara da shekaru.

Na waiwaya, sai na ga Hajiya har ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta ɗora wani kwano a ka.

"Mene ne wannan?"

"Daddawa ce da kuka, da ɗan man shanu. Alhaji, a je gaishe da mutum hannu rabbana?"

A bakin tasha motar kamfanin jirgi tana jira, doguwa, fara, mai sanyi a ciki. Wani mutum riƙe da tuta yana ƙirga fasinja. Na ce a raina, ga mafita. In shige can baya in lafe, duk inda suka kai mu in ce gari ya canja. Na sa ƙafa ɗaya a matakala ke nan Sallau ya riƙe mini riga.

"Haba, Miko. Mu da muke da ɗan gari, mu bi tuta kamar 'yan firamare?" Ya juya wurin mai tutar. "Malam, ku tafi abinku. Wannan da kake gani, wata bakwai ya yi a nan. Har karnukan garin sun san tarinsa."

Mai tuta ya rusuna mini. Fasinja suka leƙo ta taga suna kallona da girmamawa, wata Baturiya har ta ɗauki hotona. Direba ya naɗe motar kamar tabarma, da mutanen a ciki, ya saɓa a kafaɗa ya tafi.

Sai ga mu a ofishin tasha. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau da biro a bayan kunne. Ban yi mamaki ba. Ni na taɓa cewa a Bandarosa ilimi ya yi yawa har awaki ma suna da takarda.

"Suna?"

"Alhaji Miko Direba."

Ya cire tabarau ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Ashe kai ne. Da ka san aikin ofis za ka ba mu, ai da ka ba mu yatsu. Shekara ashirin da baki nake buga hatimi."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ta ina ake bi zuwa gari?"

"Mu ma kai muke jira mu tambaya."

Ya tashi ya tura wata ƙofa da ƙaho. Sito ne, maƙil da buhuna har rufi, kowanne an ɗinke bakinsa da kyau. Ɗakin yana ƙamshin turaren da Hajiya ke sa wa sallayarta.

"Saƙon wata Filomina ne," in ji shi. "Sau biyar yake zuwa a rana, ban da na azumi. Ba mu da hanyar kai mata. Duk labarinka cewa kake, 'muna sauka daga jirgi sai ga mu a gari.' Tsakanin ba ka taɓa faɗa ba, don haka ba a yi shi ba."

Na saci kallon Hajiya. Tana can bakin ƙofa tana gyara gammo, ba ta ji ba.

Muka fita ta ƙofar baya. Daga nan babu komai. Fari fat, kamar an shimfiɗa alawayyo daga ƙafarmu har ƙarshen duniya. Can nesa ga garin, da jajayen rufi da doguwar hasumiya, daidai yadda na saba faɗa. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana hawa, yana jiƙa mana ƙasan haɓa. Wannan ma aikina ne, na faɗe shi a wani zaman makoki da hira ta mutu.

"Mil nawa ne ma?" in ji Sallau. "Ranar sunan Habu ka ce uku. A ɗaurin auren 'yar Liman ka ce kwana biyu a kan jaki."

Yana cewa uku garin ya matso, yana cewa kwana biyu ya ja da baya har ya koma kamar ƙwayar gero.

"Uku ne," na ce da sauri. Garin ya dawo, amma ba duka ba.

Na gyara murya. "Daga nan, in ban manta ba, akwai wata 'yar gangara."

Gangara ta fito a gabanmu, taku goma, da kwalta sabuwa. Muka taka. Da muka kai ƙarshenta na ce akwai kwana ta hagu, kwana ta fito. Sai na gane tsarin: kowace ƙarya taku goma take bayarwa. Na ji ɗan ƙarfi, don in dai wannan ne man da motar ke sha, ina da tanki.

Muka yi ta tafiya, ina faɗa hanya tana fitowa. Na sa gada, na sa masu sayar da doya, na sa wata bishiyar mangwaro da mota ta taɓa daka. Matsalar ita ce mutum ba ya ƙirƙiro hanyar da bai taɓa bi ba. Abin da ke cikin kai shi ke fitowa.

Hajiya ta tsaya. "Alhaji, wannan ba gadar Jebba ba ce?"

"Kamfani ɗaya ne ya gina su."

"Ga kuma mai shayin nan na Mokwa."

"Ƙaninsa ne."

Mai shayin ya ɗago hannu. "Alhaji Miko, kwana biyu. Ina ka samo teku?" Yana zuba wa mutane shayi da kifi a ciki, su kuma suna sha suna hararata. Wani dattijo a cikinsu ya ce, cikin ladabi, "Da za ka ce ko da sau ɗaya muna cin tuwo, da mun gode."

Sallau yana biye da ni yana ƙirgawa da yatsu. Duk ƙaryar da na taɓa yi a baya, in na maimaita, sai ya ce, "An ji wannan," hanyar kuma ta ƙi fitowa. Sabuwa kaɗai take karɓa. Kafin azahar na ƙarar da kwanonin hanya da gadoji, na shiga sayar da kayan gida: na ce akwai rijiya irin ta gidanmu, na ce akwai turken awaki. Taku goma ya koma biyar. Biyar ya koma uku.

Hajiya tana da ciwon gwiwa, shekara shida ke nan. A farke ko masallacin unguwa ba ta zuwa sai ta huta sau biyu. Ina jin numfashinta a bayana, da ƙarar murfin kwanon yana kaɗawa duk sanda ta ɗingisa. Haka ta ci gaba da takawa. Da ta yi mita da na samu abin riƙewa, in yi faɗa in ce mu koma.

"Kawo kwanon in riƙe miki."

"A'a. Kai Inna Filomina ta yi wa jinya, ni ta yi wa alheri. Da ba ta tsaya a kanka ba, da ina da shekara goma sha tara zan yi takaba. Da kaina zan sauke mata."

Sallau bai yi dariya ba. Wannan ya fi dariyarsa ciwo.

Sai jirgi ya yi kuka daga baya, irin kukan saniya da aka raba da ɗanta. Na duba inuwata, ta kusa kai tsawona. La'asar ta kawo jiki. Garin yana nan gabanmu, bai fi jifa biyu ba, har ana hango wata tsohuwa zaune a ƙofar gida. Ba ta da fuska, don ban taɓa ba ta ba. Farin gashi kawai, da hannuwa masu laushi, su na faɗa.

"Ga ta can," in ji Hajiya. Ta gyara kwanon a kanta. "Alhaji, ita ce ko?"

Na buɗe baki in sa ko da ɗan dutse ne a gabanmu. Babu. Na lalube cikin kaina kamar mai laluben aljihu a gaban mai tuwo, ko ƙura babu. Yatsun ƙafarmu suna daidai bakin farin nan.

"Mu koma," na ce. "An rufe hanyar, ana gyara. Wata shekarar ma dawo."

Ko taku ɗaya wannan ba ta bayar ba.

Hajiya ta sauke kwanon, ta zauna a bakin kwalta, ta miƙe ƙafar mai ciwo. "Ku je ku kama jirgi. Ni zan jira su gama gyaran."

"An ce wanda ya makara ya zama ɗan ƙasa."

"To sai me? Mutanen kirki ne, kai ka faɗa."

Na dubi Sallau ko zai taimaka. Ya cire hularsa yana duba cikinta. "Ni taubashi ne, Miko, wasa nake da kai. Wannan ya fi ƙarfin wasa." Ya juya mana baya, ya koma can gefe yana kallon ruwa yana hawa sama.

Jirgi ya sake kuka. Hajiya ta fara kwance mayafinta tana shimfiɗawa, alamar zama ya yi zama. Na san halinta. Matar da ta jira wata bakwai ba wasiƙa ba saƙo, ba jirgi ne zai tashe ta ba. In na tafi, na bar ta a garin da babu shi, tana shan shayi da kifi har abada. In na zauna, gobe ma tambayar nan ce.

Na tsuguna a gabanta. Rabon da in tsuguna a gaban mace tun mahaifiyata na da rai. Gwiwoyina suka yi ƙara, bunsurun ofis ya leƙo daga nesa, mai shayi ya daina fifita wuta.

"Lantana." Rabon da in kira ta da sunanta ma na manta. "Ban taɓa hawa jirgin ruwa ba. Mota na kayar, aka kore ni. Wata bakwai ɗin nan buhu nake ɗauka a Ikko, ina kwana a ƙarƙashin tirela. Babu Bandarosa. Babu Filomina. Shekara talatin da takwas kina yi wa iska addu'a, ina kwance ina jin ki."

Hasumiyar ta faɗi ba ƙara. Jajayen rufin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ta tashi, ta kaɗe zaninta, ta ɗauki kujerarta ta shige cikin farin. Ruwan sama ya tsaya cak, ya yi ɗan tunani, sannan ya juyo yana sauka kamar na kowa, ya jiƙa ni sharkaf.

Hajiya ta daɗe tana kallona. Ban iya karanta fuskarta ba, ni da nake karanta fuskar ɗan sanda tun daga mil guda. Sannan ta buɗe baki za ta yi magana. Na kasa kunne, don duk duniya babu abin da nake son ji kamar wannan. Abin da ya fito shi ne, shaa, shaa, shaa.

Na buɗe ido. Gari ya waye, har rana ta shigo ta ƙasan ƙofa. Tsintsiya ce, Hajiya tana sharar tsakar gida. Ta leƙo da ita a hannu.

"Ka makara, Alhaji. Tun asuba kake ta surutu cikin barci, har da kiran sunana."

"Me kika ji na ce?"

"Ina na tsaya ji? Tashi ka yi salla, kokonka zai huce."

Na zauna a bakin gado, ina kallon ƙafafuna. Duk tsugunon nan da na yi, a banza, ba a rubuta mini ba.

"Hajiya, in kin gama sharar ki zo. Akwai magana."

"To," in ji ta, ta koma.

Shaa, shaa. Tsakar gidan namu kuwa ba wani girma gare ta ba.