Sili Takwas

Tun ranar da Auta ta gama karatun sadarwa ba a sake cin abinci shiru a gidan Mai Waya ba. Musu ake yi, irin wanda uba da 'ya ke yi suna jin daɗinsa. Shi dai shekara talatin da biyu ya yi yana jan waya ta bango da rufin ofisoshi, yana haɗa kwamfuta da kwamfuta, kuma ya yi imani saƙo ba ya tafiya da mutunci sai a cikin jan ƙarfe. Ita kuwa Auta iska ta karanta, wato yadda saƙo ke tashi daga na'ura zuwa na'ura ba tare da an ja ko taƙi ɗaya na waya ba.

"Baba, zamaninku ya wuce," takan ce. "Wa zai ɗaure ƙafarsa da igiya ga sarari a buɗe?"

"Sararin naki kasuwa ce," yakan amsa. "Kowa na magana lokaci guda, mai ƙarfin murya ake ji. Waya kuwa ɗaki ce, daga ke sai mai sauraronki."

Matarsa, wadda duk benen ke kira Tela saboda keken ɗinkinta da ke bakin tagar falo, ba ta taɓa shiga musun ba. Iyakarta ta ce, "Ku ci abinci kafin ya huce," ta ci gaba da taka kekenta.

To, kowa ya daɗe zai ga daɗau. Wata safiya Auta tana da ganawar neman aiki da ƙarfe goma, ta bidiyo, da wani kamfani mai kafa turakun sadarwa. Sharaɗinsu biyu ne: ta zauna ita kaɗai a ɗaki rufe, kuma in hoto ya yanke sau biyu, sai su wuce kan na gaba. Jiya da yamma ta gwada a ɗakinta, komai sumul. Amma yau aka tashi da hutun makaranta, yaran benen nan kaf suna gida, kowa riƙe da wayar hannu yana kallo. Akwatin intanet ɗin gidan yana falo, maƙale da layin da ya shigo ta bango, tsakaninsa da ɗakin Auta kuwa akwai bango biyu masu kauri da firji. Abin da ya rage na saƙon bayan ya ratsa su, na'urorin maƙwabta suka danne shi. Fuskarta takan daskare a kan allo, baki buɗe. Falon kuma ba ya zaunuwa, don masu walda a ƙasan taga tun asuba suke yankan ƙarfe.

Ƙarfe tara da 'yan mintoci ta fito, ta tsaya kan mahaifinta yana shan shayi, tana murza yatsu.

"Baba, akwai sauran waya a gidan nan?"

Mai Waya ya ajiye kofi a hankali. Shekara huɗu yana jiran wannan tambaya, ai ba zai bari ta wuce da sauri ba.

"Me kika ce? Ban ji ba, iska ta ɗauke maganar."

"Baba, don Allah!"

"Tela, ki zama shaida. Injiniyar iska tana roƙon igiya."

"Na ji, na tuba. Ka taimake ni."

"Ba a fafe gora ranar tafiya," ya ce, amma tuni ya miƙe, bakinsa har kunne. "Je ki shirya amsoshinki. Kafin ki gama ɗaura ɗankwali an gama."

Ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya kawo falo ya zazzage a kan tebur. Ga naɗin shuɗiyar waya da za ta kai ɗakin Auta har da saura, gefe ɗaya da kan roba a haɗe tun shekarun baya. Ga filayar matsewa, ga 'yar na'urar gwaji mai fitila takwas. A cikin gwangwanin alewa kuma ya sami kawunan roba uku, irin masu haske da ake cusa wayar a ciki. Ɗaya yake buƙata. Ya feɗe fatar wayar da yanka ɗaya, yadda ya yi sau dubbai, sili takwas suka fito a murɗe bibbiyu. Murɗin nan shi ne sirrin, shi ke hana hayaniyar lantarki shiga saƙo, kuma kowane sili yana da gurbinsa a cikin kai. Kuskure ɗaya, saƙo ya bi hanyar da ba tasa ba.

Ya warware su, ya ɗaga su wajen haske, sai murmushin ya gudu daga fuskarsa.

Akwai abin da Mai Waya ya ɓoye wa gidansa shekara guda cur. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Yana ganin hanya, yana gane mutane, amma launi ya dushe masa. Kore da ruwan ƙasa sun zama abu ɗaya, fararen sili huɗun nan masu ratsi kuwa duk fari fat yake ganinsu. Da ya ajiye aiki, ciwon baya ya ɗora wa laifi. Murnar roƙon Auta ce ta mantar da shi, sai yanzu da silin suke tsaye a hannunsa ya tuna.

Ya ce a ransa hannu ai ba ya mantuwa. Ya jera su da ƙiyasi, ya cusa, ya matse, ya soka gefe biyun a na'urar gwaji. Fitila ta ɗaya ta kama, ta biyu ta kama, sai ta tsallake ta faɗa ta bakwai. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya datse kan ya jefa a aljihu don kada a gani.

Na biyu ya fi ba shi wuya. Ya yi dabarar riƙe kowane sili da yatsa tun kafin ya warware, amma yatsa biyar ba sa tsare sili takwas. Wannan karon fitilun suka yi ta tsalle kamar awaki. Saura kai ɗaya a gwangwani, agogo ya nuna tara da minti talatin da biyar, shagon da ake sayar da irinsu kuwa tafiyar awa guda ce.

"Baba, ya ake ciki?" Auta ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Saura ƙiris!"

Zai iya kiranta ta jera masa, ta san tsarin sarai. Amma sai ta tambayi dalili, kuma ba zai tura 'yarsa gaban masu ɗaukar aiki da labarin idon ubanta a zuciya ba. Tsoro ya kama shi sosai. Abu ɗaya yarinyar nan ta taɓa roƙa daga sana'arsa, ga shi zai ba ta kunya.

Bai lura keken ɗinki ya yi shiru ba sai da ya ji Tela a kansa.

"Miƙo nan."

"Wannan ba ɗinki ba ne, Tela."

Ta jawo kujera ta zauna, ta gyara tabarau, ta karɓi wayar daga hannunsa, sai ta fara rerawa a hankali: "Ratsin lemo, lemo. Ratsin kore, shuɗi. Ratsin shuɗi, kore. Ratsin ƙasa, ƙasa."

Mai Waya ya saki baki. "Wa ya koya miki?"

"Ji mutum! Shekara talatin kana rera min ita a ka. Da ita kake wanka, da ita ka yi renon Auta in tana kuka. Ko bango ne ni ai na haddace." Yatsunta suna ta aiki, tana zaro kowane sili tana kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa, yadda take tsefe zare. Ba ta ɗago kai ba ta ƙara da cewa, "Kuma shekara guda ke nan ina canza maka hula a bakin ƙofa. Kana zaton iyayi ne? Koriyar riga kake sawa ka ɗora mata hula ruwan ƙasa, ka fita kana taƙama."

Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa ido. Amma a bayan kunyar sai ya ji wani sauƙi, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ashe duk ɓoyon da yake yi, a tafin hannunta yake yinsa.

"Me ya hana ki magana?"

"Jira nake ka gaji. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, ga ta ta zo."

Ta matse silin tsakanin yatsu biyu suka kwanta layi ɗaya, ta ɗauko almakashinta na yadi.

"Kai, kai! Ba a yanka waya da wannan!"

Ƙyas! Ta riga ta yanke, bakin ya fito daidai kamar an sa ma'auni. Ta ɗauki kan roba na ƙarshe za ta cusa, sili biyu suka hau juna. Ta zaro, ta sake jerawa, suka sake hawa.

"To, malam, nan kuma naka ne," ta ce.

Ya karɓa. Nan ba a buƙatar ido. Yatsunsa sun san yadda ake tura su a tare, a hankali, har a ji kowanne ya shiga ramin kansa ya taɓo ƙarshe. Ya ɗaga mata kan saitin tabarau. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cikin robar tana motsa leɓe.

"Matse."

"Kin tabbata? Babu wani fa."

"Ni da nake raba baƙi da shuɗi mai duhu a cikin zare ɗari? Matse, na ce."

Ya sa a filaya, ya yi bisimilla, ya matse har ta yi ƙara. Suka soka a na'urar gwaji, kawunansu a haɗe. Ɗaya. Biyu. Uku. Tela ta damƙe masa hannu. Huɗu, biyar, shida, suna ƙirgawa tare da raɗa. Bakwai. Takwas.

Mutumin da ya ajiye aiki saboda ciwon baya ya yi tsalle ya dire. Tela ta toshe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye, tana nuna masa ƙofar Auta alamar ya yi a hankali. Suka kwashi wayar, shi yana warwarewa, ita tana bin sa da tef tana manne ta a gindin bango, ta bayan firji, ta ƙarƙashin ƙofa. Goma saura biyar Auta ta soka ta a kwamfuta. Fuskarta ta fito tar a kan allo, tana motsi yadda take motsi.

"Fita, fita, na gode!" ta ce, ta tura su waje ta rufe.

Suka dawo falo suka zauna gaban akwatin intanet kamar masu kallon talabijin. Wata 'yar fitila tana ta ƙiftawa a inda wayar ta shiga.

"Kin ga wannan? Maganarta ce ke wucewa," ya ce. "Ana yanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure da lambarsa, a can a sake jera su."

"Kamar hannun riga da wuya, kowanne daban, sai an haɗa."

"To ai kin gama karatun."

Minti arba'in fitilar tana ƙiftawa, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Da kyanwar gidan ta nufi wayar, Mai Waya ya kore ta da hula.

Sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Auta ta fito a guje ba takalmi, ta rungume uwarta, ta rungume ubanta, tana magana ba numfashi. Sun ɗauke ta, farkon wata za ta fara. Wai shugabar masu tambayar ta ce duk yau hotonta ne kaɗai bai yanke ba, da me take amfani?

"Kika ce me?" Mai Waya ya tambaya, yana gyara zama.

"Na ce waya." Ta rufe fuska. "Suka yi ta dariya. Matar ta ce kada in ji kunya, ko turakun da za mu kafa, kowanne da wayarsa a binne a ƙasa. Iskar daga turke zuwa hannun mutum ce kawai."

"Tela, kin dai ji da kunnenki."

Auta ta durƙusa gaban akwatin, ta zare wayar tana juya sabon kan a haske. "Kai, Baba! Dubi yadda suka jeru, ko inji albarka. Wallahi hannunka bai tsufa ba."

Ga nasarar da ya shekara huɗu yana jira, an kawo masa har gida, ba abin da ya rage sai ya karɓa. Ya dubi Tela. Ta koma kan kekenta tana zura zare a allura, kamar ba ta ji ba. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da kawuna biyun da ya ɓata, ya ajiye su a tafin Auta.

"Waɗannan su ne nawa ni kaɗai. Wancan kuwa hannun nawa ne, idon na mamanki ne. Nawa ya yi yana, Auta. Shekara guda ke nan ba na raba kore da ruwan ƙasa."

Auta ta dubi kawunan, ta dubi idonsa, nata ya ciko. "Shi ne ba ka faɗa ba? Baba, ai cirewa ake yi!"

"Ranar Litinin da safe," Tela ta ce daga bakin taga. "Na riga na karɓo masa kati wajen likitan ido, wata uku yana cikin aljihun keken nan."

Mai Waya ya yi dariya har ya share ido da bayan hannu. "To, na ji, za ni. Amma ke za ki zaɓa min hular da zan sa."

Tela ta ɗora ƙafa a kan keke.

"Da can wa yake zaɓa maka?"