Makafi Tara a Kan Kanta

Maƙwabcina mai gyaran agogo, da furfurarsa da komai, wasan 'yar tsana yake yi. Ni na fara baza maganar a layinmu, ba na musu. Kwali yake kawowa cike da gutsattsarin roba, ya tsinke su da ɗan almakashi, ya harhaɗa har mutum-mutumin yaƙi ya miƙe da bindiga da fukafukai, irin na katun ɗin talabijin.

Ranar da na shiga aron ashana, alhali ina da ita a gida, na ƙirga tara a kan kantar shagonsa, duk ba ido.

"Mai agogo, makafi kake tarawa?"

"Idon aikin 'yata Auta ne, Iya," in ji shi. "Tun tana ƙarama ni ke haɗawa, ita ke manna ido. Hannuna rawa yake."

Ƙarya ne. Mutumin da ke tsintar ƙusar agogo da hantsaki? 'Yar tasa ce dai ta tafi aiki nesa, shekara biyu ke nan.

Na ɗauki takardar da idanun ke jiki zan manna ɗaya. Ya karɓe a hankali, ya mayar aljihun tebur.

Wannan karon ban kai wa matan layi ba. Auta na buga wa waya, na ce ubanki ya tara makafi tara suna jiranki. Ta yi dariya, sannan ta ce sai ta samu hutu.

Jiya ya shigo da kwali na goma.