Tulu Mai Yoyo

Duk wanda ya san tashar manyan motoci a zamanin da ake juya sitiyari da ƙarfin damtse ya san Gagarau. Motarsa ta taɓa faɗawa ƙarƙashin gada da lodin siminti, ya fito yana kaɗe hula. 'Yan fashi sun tare shi, harsashi ya ɗauke masa gefen kunne, shi kuwa ya bi ta kansu ya wuce. Maciji ya sare shi a cikin takalmi, macijin ne bai kai labari ba. Ba ƙarya a ciki, tabo na nan ga mai son gani. Amma abin da ya fi taƙama da shi, in ya hau mota da safe ba ya sauka sai rana ta faɗi. "Namiji da tsayawa fitsari a hanya?" in ji shi. "Ai sai yaran yanzu, masu mara kamar ledar ruwa."

To, bara aka yi wa Gagarau aiki a mafitsara. Ya ce wa abokansa ya je ganin jikoki ne. Tun daga nan abin ya daina jin magana: in ya zo, ya zo, ba ya jira. Likita ya haɗa shi da kunzugu irin na jarirai, amma na manya. Daga shi sai matarsa suka sani.

Su huɗu ne suke zama a benci a ƙofar shagon Tela: shi, da Tela, da Mahauci mai baki kamar wuƙarsa, da wani tsohon Akawu da ya yi ritaya. Sun daɗe suna cewa kafin ƙasa ta rufe musu ido sai sun ga teku. Da ɗan Akawu ya samo musu tikitin araha zuwa wata ƙasa mai ruwan sama da kwakwa, Gagarau ne ya fara buga ƙirji ya ce a tafi. Yaya zai ce a'a?

"Maigida, ka faɗa musu mana," in ji matarsa tana shirya masa jaka. "Ciwo ne fa, ba sata ba."

"Ke, rufe mini baki. In faɗa wa Mahauci? Gara in hau kan kasuwa da lasifika."

Ta naɗe kunzugun a baƙar leda, ta tura can ƙasan kaya.

Araha ba ta ado. Ɗaki ɗaya suke kamawa su huɗu, katifu biyu, fanka ɗaya mai kukan akuya, banɗaki a ƙarshen baranda da layin mutane. Ƙasar kuwa kore shar, ayaba har bakin titi, amma iskarta jiƙaƙƙiya ce kamar numfashin saniya. Ka yi wanka ka fito, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Daga gari zuwa gari kuma sai tsohuwar bas, wadda ake cusa mutane da kwandunan kifi da kaji, don ita ce daidai aljihunsu. Bas ɗin nan ba ta tsayawa sai direba ya ga dama.

Ranar farko a hanya, rana ba ta kai tsaka ba Gagarau ya ji abin ya taso. Ya matse ƙafafu. Ya karanta duk addu'ar da ya sani. Kunzugun jikinsa ya riga ya yi nauyi, in aka ƙara masa sai ya kai ga wando, ga wando fari, ga wata mata a gefensa da jariri. Yana cikin wannan hali sai ya ji bam, bam, bam! Tela ne yake dukan jikin mota da tafin hannu. Ba ya jin yaren mutanen, sai ya riƙe mara yana yamutsa fuska yana nuna daji.

Direba ya yi tsaki ya taka birki.

Gagarau ya ji kamar an sauke masa dutse. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya miƙe yana girgiza kai. "Haba Tela! Ko awa nawa muka yi? Tashi muje in raka ka, kada maciji ya sare ka a gindi mu rasa mai ɗinka mana kayan jana'iza." Ya rataya jakarsa, wai ba ya barin kaya a cikin baƙi. Tela ya yi dama, shi ya yi hagu cikin ayaba, ya gyara kansa tsaf, ya tona rami da ƙafa ya binne abin, ya dawo yana fito.

Haka aka yi ta yi. Suka ga teku, Mahauci ya ɗanɗana ya tofar ya ce wa ya ɓarar da gishiri haka. Suka hau kwalekwale, Akawu ya rufe ido har aka sauka. Suka sha ruwan kwakwa a bakin hanya, ban da Gagarau, wanda ya rage shan komai don ledar kunzugunsa ta fara sauƙi. "Ni raƙumi ne," yake cewa, leɓensa a bushe. "Na taɓa yin kwana da yini a mota ban sa ɗigo a baki ba." Kuma duk bas ɗin da suka hau, da zarar tafiya ta miƙa, sai Tela ya buga mota. Gagarau yana ganin Allah ne kawai yake rufa masa asiri da raunin wani.

Shi ya raɗa wa Tela suna Tulu Mai Yoyo. Mahauci ya karɓe, ya yi masa waƙa. Gagarau bai tsaya nan ba, don ya ga in yana ba mutane dariya ba mai kallon wandonsa. In Tela ya buga mota, sai ya tashi ya kwaikwayi tafiyarsa, gwiwa a haɗe, yana yin "tssss" da baki. Fasinjojin da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa su yi ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki. Tela kuwa mutum ne siriri mai tabarau ɗaure da zare, ya saba da yin shiru a bayan keken ɗinki. Sai ya ɗauki butarsa ya sauka.

Akawu ya taɓa cewa, "Gagarau, ka sassauta masa. Tsufa ne, yana kan kowa."

"Kan kowa ban da ni. Wasa ne, ai ya san wasa ne. Ko ba haka ba, Tulu?"

"Haka ne," in ji Tela.

Ranar da za su hau tudu su ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, suka faɗa hannun wani kwandasta mai jan ido. Hanya ƙunci, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya kwari, ga yayyafi. Gagarau ya fara jin abin, ya fara murza gwiwa da hannu. Bam, bam, bam, Tela ya buga. Direba ya yi kamar bai ji ba. Ya sake bugawa. Sai kwandastan ya laluba ƙarƙashin kujera ya zaro wata tsohuwar gorar roba, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya miƙa wa Tela har da rusunawa.

Mota ta kece da dariya. 'Yan mata suna rufe baki da gyale. Gagarau ma ya yi, ya fi kowa ƙara, ga gumi yana tsiyaya a bayansa don azaba.

Tela ya karɓi gorar ya ajiye a hankali. Ya miƙe, ya ratsa kwanduna har ƙofa, ya kama mariƙinta yana ƙoƙarin buɗewa mota na tafiya. Mata suka yi ihu. Dole direba ya tsaya, yana zazzaga zagi da yarensu.

"Bari in bi mahaukacin nan," in ji Gagarau.

Wurin ba daji, wani dutse ne kawai babba da 'yan ciyayi. Gagarau ya zagaya bayansa da gudu-gudu, ya yi abin da zai yi. Da ya gama bai koma ta inda ya zo ba, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Nan ya ga Tela.

Yana tsaye, ya juya wa mota baya, hannayensa biyu a aljihu, yana kallon wani tsuntsu a kan reshe. Bai tsuguna ba. Mazugin wandonsa a ɗaure. Can sai ya ɗauki butar ya tsiyayar da ruwa kaɗan a ƙasa, ya jiƙa hannu, kamar wanda ya gama.

Gagarau ya tsaya da baƙar leda a hannu. Ya tuna duk tsayawar da aka yi tun ranar farko. Ya tuna ba a taɓa buga mota ba sai shi ya fara murza gwiwa.

"Tela."

Tela ya juyo, ya gyara tabarau.

"Ba ka yi komai ba."

"Ban ji ba ne."

"Jiya fa? Shekaranjiya fa?"

Tela ya dubi tsuntsun. "Ni tun ina yaro haka nake, sai in yini. Zaman keke ne ya saba mini."

Yayyafi na sauka a kan hular Gagarau. Da ƙyar ya ce, "Wa ya faɗa maka? Matata?"

"Haba. Ita da ko gaisuwa a sunkuye take yi? Kai ka faɗa mini. Ka dawo daga ganin jikoki ka rame kamar sanda, ka kawo mini wanduna ka ce in buɗa su ta baya. Shekara nawa ina auna ka? Mahaifina ma da ya tsufa haka na buɗa masa nasa."

"Kana ji ina kiran ka Tulu."

"To suna ne. Ni ba ni da wani suna da zai ɓaci, ɗan'uwa. Kai ne mai shi." Ya ɗauki butarsa. "Muje, mutumin can zai fasa hon."

Mutumin da ya fito daga ƙarƙashin gada da ƙafarsa, ranar nan da ƙyar ya taka matakalar bas. Suna shiga wani saurayi ya yi "tssss", irin yadda Gagarau ya koya musu, aka sake fashewa. Mahauci ya ɗauko waƙarsa. Tela ya zauna ya ɗora buta a cinya. Gagarau ya kafa ido a bayan kujera, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ruwan da suka je gani, ya gan shi bai gan shi ba. Akawu ya tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a.

Da la'asar suka juyo a bas ɗin nan dai, da kwandastan nan dai. Ba a yi nisa ba abin ya sake tasowa. Gagarau ya hana hannunsa zuwa gwiwa, amma Tela ya riga ya gani a fuskarsa. Ya ɗaga tafi zai buga.

Gagarau ya cafke wuyan hannun.

Ya daɗe riƙe da shi. Ya san bakin Mahauci. Ya san kafin su kwana biyu da komawa gida, labari ya gama tasha, har yaran da yake kira ledar ruwa sun ji. Sannan ya saki, ya ɗaga nasa hannun, wancan da ya juya sitiyari shekara da shekaru, ya daki jikin motar. A nan ma dai Gagarau ne: sai da kaji suka firgita, ƙarfen ya lotsa.

Direba ya taka birki. Mahauci ya buɗe baki, "Tulu ya sake..."

"Ba shi ba ne." Gagarau ya miƙe, bai kalli kowa ba. "Ni ne. Tun ranar farko ni ne. Bara ba jikoki na je gani ba, yanka ni aka yi. Tela lafiyarsa ƙalau."

Ya buɗe jaka ya zaro baƙar ledar a gaban kowa. Kwandasta ya ɗauko gorarsa ya miƙo masa, fasinjoji suka yi dariya, saurayin nan ya yi "tssss". Wannan bai dame shi ba sosai. Abin da ya soke shi shirun Mahauci ne, mutumin da ko a wurin makoki ba ya shiru.

Ya sauka shi kaɗai. Ba wanda ya raka shi.

Da ya dawo ya tarar da gorar ruwa sabuwa a kan kujerarsa, ba a ce ga wanda ya ajiye ba. Ya zauna, ya buɗe, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga ƙasanta. Mota ta tashi. Aka yi tafiya mai ɗan nisa.

Can Mahauci ya yi gyaran murya, yana kallon taga. "Akawu, ka shaida. Yau na ga raƙumi ya sha ruwa."

Akawu ya danne dariya ta fito ta hanci. Tela ya yi murmushi. Gagarau ya so ya rama, don bai taɓa barin magana ta kwana a kansa ba. Ya juya, idonsa ya faɗa kan butar da ke cinyar Tela, a cike kusan yadda aka ɗauko ta. Ya rufe bakinsa, ya mayar da kai ƙasa.